Ɗalibaina sun kai ƙarata don na ƙi yi musu shifta

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a sashen koyar da aikin jarida na wata jami'ar jiha, shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa. Kafin nan na yi shekara huɗu a wani gidan rediyo, kuma a kan idona aikin da muka karanta ya rikiɗe. Mu kusan sittin ne muka gama tare, amma masu cin abinci da aikin jarida a cikinmu yau ba su kai goma ba. Wannan zangon aka ba ni kwas ɗin rubuta labari na 'yan aji biyu, su 240. Na ce ba zan yi musu shifta ba, ba kuma zan ba da handawut ba. Na raba su rukuni-rukuni, ina tura su kasuwa da kotu da tasha su samo labari, su dawo mu tattauna. A mako na biyar wakilin aji ya kai wa shugaban sashe takardar ƙorafi mai sa hannun mutum sama da ɗari, wai ba na koyarwa, su ke koyar da kansu. Shugaban sashe ya ce in yi yadda kowa ke yi, wani babban malami kuma ya ce ɗokin sabon shiga ne ke damuna. Ba a tabbatar mini da aiki ba tukuna, barci ma ya gagare ni. In koma shifta ne, ko in dage?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Rashin barcin nan shi ya fara tsaya mini a rai, don haka bari in fara ta nan. Dubi abin da aka rubuta a kanki. Ba a ce kin karɓi kuɗin kowa ba, ba a ce kina ƙin zuwa aji ba, ba a ce kin ci zarafin wani ɗalibi ba. Waɗannan su ne ƙorafe-ƙorafen da ke ɓata wa malami suna. Naki kan salon koyarwa ne, abin da ake zama a gyara. Ki kwantar da hankalinki, ki yi barci.

Kuma abin da kika hango gaskiya ne. Mu da muka ɗan manyanta mun ga ma'aikacin NITEL ana yi masa layi ana fadanci don a samu layin waya a gida, sai ga wayar salula ta shigo a 2001, cikin 'yan shekaru aikin ya zama tarihi. Mun ga masu buga tafireta a bakin kotu da sakatariya. Mun ga Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke sallamar ma'aikata da yamma, titi ya cika maƙil da kekuna. Aikin karɓa da biyan kuɗi da ake sa kwat a yi a banki, yau yaro ne ke yin rabinsa a ƙarƙashin lema da na'urar POS. A fagenku kuwa, Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta raini masu karatu zuriya bayan zuriya, amma jikokinsu a waya suke karanta labari, kuma tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 har rubutun kansa na'ura na taɓawa. Yaron da ke gabanki a aji biyu, in Allah ya yi masa tsawon rai, zai yi shekara talatin ko fiye yana neman abinci. Ba ke ba, ba ni ba, babu wanda zai iya faɗa masa sunan aikin da zai riƙe a shekara ta ashirin. Malamin da ya san haka kuma ya ci gaba da karanta wa ɗalibai littafin da shi ma aka karanta masa, akwai haƙƙi a wuyansa.

To amma ruwa ba ya tsami banza. Na karanta wasiƙarki sau biyu ina neman kalma ɗaya, ban gan ta ba: jarrabawa. Kin faɗa mini yadda kike koyarwa, ba ki faɗa mini yadda za ki gwada su ba, kuma ina kyautata zaton su ma ba ki faɗa musu ba. Can ne matsalar take.

Sa kanki a matsayin yarinyar da ke zaune a layi na goma sha biyu. Tun firamare abin da ta sani shi ne malam ya rubuta a allo, ta kwafa, ta haddace, ta mayar masa ranar jarrabawa. Da haka ta ci WAEC ko NECO, da haka ta tsallake JAMB. Ta shigo jami'a, ta je wurin masu hoton takardu ta sayi tambayoyin shekarun baya na wannan kwas ɗin naki, ta ga duk abu ɗaya ne: kawo ma'anar labari, lissafo siffofinsa guda bakwai, bayyana bambancin kaza da kaza. Sai ga sabuwar malama ta ce babu abin kwafa, a tafi tasha. Yarinyar nan za ta yi lissafi, kuma lissafinta daidai ne: in jarrabawa ta zo irin ta bara, me zan rubuta? Faɗuwa kwas ɗaya a wurinta na iya zama ƙarin shekara, ƙarin kuɗin rajista da na ɗaki, wataƙila mahaifinta sai ya ɗaga buhun masara ko ɗan rago kafin ya biya. Ga shi da ma an ci musu lokaci, yayyensu sun zauna a gida wata takwas a yajin aikin ASUU na 2022. Ga kamfanoni da bankuna da yawa ba sa duba takardar wanda sakamakonsa bai kai mataki na biyu mai daraja ta sama ba. Wanda ke ɗauke da wannan kayan a ka, in ya sa hannu a takardar ƙorafi, tsoro ne ya sa shi, kuma tsoron yana da tushe.

Akwai kuma wani abu da zai ba ki mamaki. A 2019 wasu malaman kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, ƙarƙashin Louis Deslauriers, sun gwada abu mai kama da naki. Darasi ɗaya, wasu ɗalibai aka yi musu lakca mai daɗi tiryan-tiryan, wasu aka sa su warware matsaloli da kansu a aji kafin malam ya yi bayani. Da aka yi gwaji, waɗanda suka sha wahalar warwarewa su suka fi samun maki. Amma da aka tambaye su, su ne suka ce suna jin ba su koyi abin kirki ba, suka fi son lakcar. Wato ɗalibi na jin wahalar tunani sai ya ɗauka rashin fahimta ce, yana jin daɗin sauraron gwani sai ya ɗauka ya iya. Waɗannan fa ɗaliban Harvard ne. Don haka idan naki suka ce su ke koyar da kansu, ba ƙarya suka yi miki ba, abin da suke ji a jikinsu ke nan. Masu binciken sun ba da shawarar a riƙa yi wa ɗalibai bayanin wannan tun farkon zango, kuma shi ne matakin da kika tsallake.

In kina buƙatar hujjar da za ki riƙe a hannu, akwai nazarin da Scott Freeman na Jami'ar Washington da abokan aikinsa suka fitar a 2014. Sun tattara bincike 225 kan kwasa-kwasan kimiyya da injiniyanci da lissafi, suka tarar a ajin lakca zalla kusan kashi 34 cikin ɗari ne ke faɗuwa, a ajin da ɗalibai ke aiki da hannunsu da kansu kuwa kusan kashi 22. Fannonin kimiyya ne, ba aikin jarida ba, wannan ki faɗe shi da bakinki kafin wani ya faɗa miki. Amma in har lissafi na buƙatar a yi kafin a iya, ina ga rubuta labari?

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar zaure ɗalibi ne ke buɗe littafi ya ja baƙi, malam na saurare yana gyara. Yaron tela da yaron makanike da yaron da ke koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, babu wanda aka taɓa yi wa shifta. Sai dai ki lura da yadda ubangida ke yi. Ranar farko ba ya miƙa wa yaro shaddar mutane ya ce yanka. Zai fara da sa maɓalli, sai guga, sai kalmasa, yana tsaye a kansa, in ya karkace ya ce warware ka sake. Wata da watanni kafin almakashi ya shiga hannunsa. Ke kuwa, ƙanwata, cikin mako biyar kin miƙa wa yara 240 shadda da almakashi, kin tura su kotu, wurin da ƙwararren ɗan jarida ma ke taka-tsantsan. Hanyar mai kyau ce, awon ne ya yi yawa.

Ga abin da zan yi da ni ce ke. Kafin komai zan zauna in rubuta samfurin jarrabawar da zan yi, in kai wa shugaban sashe ya gani, sannan in raba wa ɗalibai. Tambaya ta farko, misali: ga bayanai goma sha biyu a hargitse kan gobara a wata kasuwa, wasu daga jami'in kashe gobara, wasu daga shugaban 'yan kasuwa, wasu daga wani da ya ce ya ji an ce. Rubuta sakin layi na farko cikin kalma 35. Ta biyu: jami'i ya ce shago 40 ne suka ƙone, 'yan kasuwa sun ce 100, me za ka rubuta, wa za ka sake kira, me za ka tambaye shi? Ranar da ɗalibi ya riƙe wannan takarda a hannunsa, shi da kansa zai gane babu handawut ɗin da zai cece shi, kuma aikin da kike sa su a aji shi ne karatun jarrabawar. Makin tes ɗin nan 30 ko 40, gwargwadon tsarin jami'arku, ki rarraba shi a kan ayyukan mako-mako, ki rubuta yadda za a raba shi ƙarara. Ɗalibi na bin maki kamar yadda ruwa ke bin gangare, don haka ki ajiye makin a inda kike so su bi.

Sannan ki ba su abin karantawa. A nan ina ganin kin yi tsauri. Abin da aka ƙi a handawut shi ne a sayar da shi dole, da kuma ya zama shi ne farkon ilimi shi ne ƙarshensa, shi ya sa jami'o'i da yawa suka haramta cinikinsa. Amma shafi biyu da kika rubuta da kanki, kika tura kyauta a zauren WhatsApp na aji kwana biyu kafin darasi, wannan ai shi ne zai ba ki damar daina shifta. Sun karanta ma'anoni a ɗaki, kin samu lokacin aji na aiki. Kuma kada ki ji kunyar yin bayani. Minti goma sha biyar na lakca mai ma'ana daga bakin wadda ta yi shekara huɗu a ɗakin labarai abu ne da suke da haƙƙin ji. Ki ba su labarin ranar da aka kusa shiga labaran ƙarfe bakwai ba a tabbatar da wani adadi ba, da abin da edita ya yi.

Game da yawansu, akwai dabarar da Eric Mazur, shi ma malamin fiziks a Harvard, ya fara amfani da ita a farkon shekarun 1990, kuma na gwada ta a ɗakin lakcar da babu wuta babu lasifika mai kyau. Za ki rubuta tambaya a allo da amsoshi huɗu, misali sakin layi huɗu na buɗe labari ɗaya. Kowa ya yi shiru minti ɗaya, sannan ya nuna zaɓinsa da yatsu a kan ƙirjinsa, yadda ke kaɗai za ki gani, na kusa da shi ba zai kwaikwaya ba. In kin ga aji ya rabu, ki ce kowa ya juya ya shawo kan maƙwabcinsa, minti biyu. Ɗakin zai kaure da hayaniya har mai wucewa ya leƙo. Sai ki sake cewa a nuna. Ba na manta wata ɗaliba mai nikabi da ke zama can ƙarshe, wadda ban taɓa jin muryarta ba, na hango ta tana buga yatsa a kan takardar ƙawarta tana nuna mata inda sunan wanda ya faɗi maganar ya ɓace. A zagaye na biyu duk layinsu ya koma amsar daidai. Wannan bai ci kowa ko sisi ba, kuma duk 'yan ajin sun yi tunani a lokaci guda.

Rukuni kuwa, ki rage girmansa. Na taɓa raba aji goma sha biyar-goma sha biyar, na samu ayyuka masu kyau, ina ta murna, sai daga baya wani yaro ya zo ofis idonsa ya yi ja, ya ce shi kaɗai ke yi, sauran suna tura masa kuɗin buga takarda da lambobin rajistarsu. Tun daga nan ba na wuce mutum uku, kuma ranar gabatarwa ni ke zaɓar wanda zai yi magana.

Batun tura su gari ma ki sake duba shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin Keke Napep zuwa kotu da dawowa na iya zama kuɗin abincin ɗalibi na yini. Akwai matan aure da 'yan matan da gida ba za a yarda su je tasha su tsaya hira da direbobi ba, kuma ba za su iya faɗa miki a gaban aji ba. Ina zargin da yawa cikin masu sa hannun nan wannan ne ainihin damuwarsu. Harabar jami'a ta ishe su a wannan matakin: farashin awara da shayi a bakin ƙofa, layin ɗiban ruwa a ɗakunan kwana, mai gyaran takalmin da ya shekara ashirin a gindin bishiya ɗaya. Kotu ta jira aji uku. Kuma ba sai kin duba takarda 240 kowane mako ba, za ki kwanta ciwo. Su yi musayar aiki, kowa ya zama editan ɗan'uwansa bisa ƙa'idoji huɗu ko biyar da kika rubuta, ke ki ɗauki talatin ki duba, ki kawo uku aji ba tare da suna ba a gyara tare.

Yanzu ga abin da ya sa kika fara duk wannan, wato sauyin sana'a. Abokan karatun nan naki hamsin da ba sa aikin jarida, dukiya ce a hannunki. Ki nemi biyar daga ciki, mai kula da shafin wani kamfani, mai aiki da ƙungiyar agaji, mai koyarwa, mai kasuwancinta, kowa ya turo saƙon murya na minti uku: me nake yi yanzu, me na koya a jami'a da har yau yake ci da ni, me na koya wa kaina bayan na fita. Ki kunna a aji. Na tabbata za ki ji abubuwa iri ɗaya na maimaituwa: iya tunkarar baƙo a yi masa tambaya, iya tantance gaskiyar magana, iya taƙaita dogon zance, cika alƙawarin lokaci. Ɗalibai za su fi yarda da su fiye da ke, don ba su ne za su ba su maki ba.

Ki kuma sa su juya labari ɗaya fuska uku: na rediyo mai daƙiƙa arba'in, na Facebook don tallata hajar wannan mai awarar, da rahoton shafi ɗaya ga ƙungiyar da ke son tallafa wa mata masu ƙananan sana'o'i. Sana'a uku ke nan suka leƙa a mako guda. Sau ɗaya a zango kuma ki ba su aikin da da gangan ba ki koya musu kayan yinsa ba, kamar tace murya ta minti ɗaya a waya da kowace manhaja ta kyauta, sannan kowa ya rubuta layi biyar kan yadda ya koya, wa ya tambaya, ina ya maƙale. Manhajar za ta tsufa kafin su gama bautar ƙasa. Abin da kike so ya zauna musu shi ne sun taɓa fuskantar abin da ba su iya ba, suka nemo hanya, kuma ba su mutu ba. Duk ayyukan nan kowa ya adana nasa wuri ɗaya, don ranar da zai je neman gurbin SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai, ya sami abin nunawa bayan takardar gabatarwa daga sashe.

Shugaban sashe kuwa, ki je masa da ladabi, ba da takardun bincike a gaba ba. Shi abin da ya dame shi kada ƙorafi ya wuce ofishinsa ya kai wurin shugaban tsangaya, kada kuma sakamako ya fito rabin aji sun faɗi. Ki ce, ranka ya daɗe, na ji gyaran da aka yi mini, ga abin da na sauya: ga rubutaccen bayanin da zan riƙa ba su, ga samfurin jarrabawa ina so ka duba mini, na kuma dakatar da fita gari. In ya buɗe ƙofar tattaunawa, sai ki tuna masa cewa sabon tsarin manhajar jami'o'i na CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, kuma ya karkata ne ga abin da ɗalibi zai iya yi in ya gama. Babban malamin da ya kira abin ɗoki, ki gayyace shi ya zauna a ajinki rana ɗaya ya ba ki shawara. Wataƙila ba zai zo ba, amma daga ranar ya zama mai ba ki shawara, kuma irinsu ne ke zama a kwamitin da zai duba tabbatar da aikinki.

Wakilin aji ki kira shi ofis, ƙofa a buɗe, ki ce ya faɗa miki abubuwa uku da suka fi damun 'yan ajinsu, ki rubuta a gabansa. A darasi na gaba ki tsaya ki ce kin ji kokensu, ga abin da kika gyara, ga abin da ba za ki janye ba da dalilinsa, ki raba samfurin jarrabawar nan take.

Ita kuwa takardar mai sa hannu, ko an miƙo miki kada ki karanta sunayen. Za ki duba jarrabawar yaran nan nan da 'yan makonni, kuma zuciya ba ta da ƙashi. Allah ya yi miki jagora, ya sa albarka a aikinki. In sakamako ya fito ki rubuto mini, ina so in ji yadda suka yi da tambayar gobarar nan.